In Likita Ya Ce Ba Magani

Karatu: Matiyu 25:31-40

Yau maganarmu a kan masu jinyar tsofaffi ce, musamman nas da ke tsaye a bakin gadon wanda likita ya ce ciwonsa ba ya warkewa.

Aikin nan da nauyi yake. Ga kwanan zaune, ga wanke tsoho, ga juya shi a kai a kai don kada bayansa ya yi gyambo. Bayan duk wannan kuma sai ya rasu. Sai nas ta tambayi zuciyarta, to, mene ne amfanin wahalata?

Wata mai bi a Ingila, Cicely Saunders, ta fara da aikin nas kafin ta zama likita. A shekara ta 1967 ta buɗe gidan jinya na St Christopher's a London domin waɗanda ke bakin mutuwa. Ta koyar cewa a riƙa ba majiyyaci maganin kashe zafi a kan lokaci, kada a jira sai zafin ya dawo yana kuka. Ta kuma nuna cewa azabar mai mutuwa ba ta jiki kaɗai ba ce, akwai tsoro, da kaɗaici, da damuwar iyali. A 1993 Dakta Anne Merriman ta soma irin wannan aiki a Uganda, ana kai wa marasa lafiya ruwan mofin mai araha har gida.

A wurare da yawa tsofaffi masu ciwon daji suna mutuwa cikin azaba, domin wannan kulawa ba ta kai gare su ba. In an sallamo tsohonka aka ce ba magani, kada ka naɗe hannu. Koma ka tambayi likita abin da zai rage masa zafi.

Ke kuma 'yar'uwa nas, kada ki auna aikinki da yawan waɗanda suka warke. A karatunmu na yau Ubangiji ya lasafta ziyarar mara lafiya a matsayin hidimar da aka yi masa shi kansa, bai kuwa sa sharaɗin warkewa ba. Tsohon da ya sami barci daren jiya saboda hannunki, shi ne ladan farin cikinki.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, ka ƙarfafa masu jinya, ka sauƙaƙa wa tsofaffinmu. Cikin sunan Yesu. Amin.