Synth-pop: wa ke da abin faɗa, wa ke sayar mana da gwanjo?

Ga rubutaccen shirin wannan makon, saboda masu ƙarancin data da waɗanda suka fi son karatu a kan saurare. Yau kiɗa za mu taɓa. Na san wani zai ce, Malam, ana fama da tsadar rayuwa kai kuma ka kawo mana kiɗan Turawa? Ku ɗan yi haƙuri da ni, akwai maganar haƙƙin ma'aikaci a ciki, za mu iso wurin.

Abin da ake kira synth-pop waƙar zamani ce da aka gina ta a kan sintesaiza, wato na'urar nan mai kama da fiyano wadda ba ta da tsirkiya ko fata a cikinta, da wutar lantarki take ƙirƙirar sauti. Ko ba ka san sunan ba, ka san sautin. In ka taɓa jin "Blinding Lights" ta The Weeknd a TikTok ko a shagon aski, to shi ke nan ka ji synth-pop. Waƙar ta fito a ƙarshen 2019, kuma a Janairun 2024 ta zama ta farko da aka saurara sau biliyan 4 a Spotify. Amma sautin da ke cikinta ya girmi mai waƙar. Duk wanda ya saurari "Take On Me" ta 'yan Norway ɗin nan, a-ha, ta 1985, zai gane gidan da aka ɗebo wutar.

Asalin abin, Jamusawan Kraftwerk na birnin Dusseldorf ne suka share fagen tun 1974 da kundinsu "Autobahn". Amma waɗanda suka mayar da shi kiɗan talaka samarin Ingila ne na ƙarshen shekarun 1970, lokacin da masana'antu ke rufewa, aikin yi ya yi wuya. The Human League daga Sheffield suka fito, garin maƙera ƙarfe, kuma biyu daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar ma'aikatan kwamfuta ne, ba makaɗa ba. Depeche Mode yaran Basildon ne, wani ƙaramin gari a gabashin Landan, a jirgin ƙasa suke ɗaukar kayan kiɗansu zuwa wurin wasa. Ba su je makarantar kiɗa ba, ba su da kuɗin hayar makaɗa talatin. Na'urar ta yi araha, suka saya, suka koya wa kansu. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

To yanzu ga abin da ya fito daga 2023 zuwa 2025, da yadda na ji shi a kunnena.

Zan fara da wanda ya fi tsaya mini a rai, "Memento Mori" na Depeche Mode, wanda ya fito a Maris 2023. Sunan da Latin ne, ma'anarsa ka tuna za ka mutu. Su uku ne suka rage a ƙungiyar, sai Andy Fletcher ya rasu a Mayun 2022 yana da shekara 60, ya bar Dave Gahan da Martin Gore. Abin da zai ba ka mamaki shi ne tun kafin rasuwar aka rubuta yawancin waƙoƙin, a lokacin kullen korona, sunan kundin ma tun kafin nan aka zaɓe shi. Wato sun rubuta waƙoƙin mutuwa, sai mutuwar ta shigo gidan kafin su shiga situdiyo. Kuma ana jin haka. Waƙar farko, "My Cosmos Is Mine", ba ta da wani amshi da za ka rera a hanya, ƙara ce mai nauyi kamar injin niƙa a cikin dare, muryar Gahan tana can ƙasa. Mutanen da suke cika filayen ƙwallo ba dole ba ne su buɗe kundi haka, ai da sun so sai su sa mai daɗin rawa a gaba. "Ghosts Again" kuwa akasin haka ce, kiɗan yana da haske, har ƙafarka za ta motsa, alhali maganar rabuwa ake yi. Wannan shi ne abin da synth-pop ya fi iyawa tun asali, kiɗa yana murmushi, mai waƙa yana share hawaye. Akwai waƙoƙi biyu ko uku a tsakiya da suka yi sanyi da yawa, ba zan ɓoye ba. Amma dattawa ne 'yan sama da sittin suna magana a kan abin da ke gabansu da gaske, ba su rina gemu suna wasan yara ba. Na ba su girmansu.

Sai OMD, 'yan yankin Liverpool. Su ne a 1980 suka yi "Enola Gay", waƙar da mutane suka yi ta rawa da ita, alhali sunan jirgin da ya jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima ne a 1945. A Oktoban 2023 suka fitar da "Bauhaus Staircase", ya kai na biyu a jerin kundayen Birtaniya. Bauhaus makarantar zane da gine-gine ce a Jamus wadda 'yan Nazi suka matsa wa har ta rufe a 1933, ka ga tun daga suna an faɗa maka inda aka dosa. A ciki akwai waƙa mai suna "Kleptocracy", kalmar da ke nufin mulkin ɓarayi. Da shugabannin can suke, amma dai ba sai na yi muku fassara mai tsawo ba, kowa ya duba garinsu. Ta fuskar kiɗa ba su kawo sabon abu ba, sautin 1981 ne aka wanke aka goge. Fushin da ke ciki ne sabo, shi ya riƙe kundin.

Pet Shop Boys sun kawo "Nonetheless" a Afrilun 2024, kundinsu na 15, waƙa goma. Shi ma na biyu ya tsaya, Taylor Swift ta tare musu hanya. Furodusan, James Ford, shi ne ya yi aikin "Memento Mori", amma a nan ya lulluɓe komai da goge irin na Turawa, har wani lokacin ya yi zaƙi fiye da kima, kamar shayin da aka zuba wa madara gwangwani guda. Abin da ya cece su shi ne alƙalamin Neil Tennant, wanda ɗan jarida ne a mujallar Smash Hits kafin ya zama mawaƙi, kuma har yau kamar mai rahoto yake rubutu. "Dancing Star" labarin Rudolf Nureyev ce, ɗan rawan Tarayyar Sobiyet da ya tsere a filin jirgin Faris a 1961. "Bullet for Narcissus" kuma da bakin mai tsaron lafiyar ɗan siyasa irin Donald Trump aka rera ta, mutumin da aikinsa ya tare harsashi saboda wanda bai ma yarda da shi ba. A Afrilu ta fito, a Yuli aka harbi Trump a wurin gangami. Kai, abin ya ba mutane tsoro.

The Weeknd fa? Abel Tesfaye, ɗan Kanada, iyayensa 'yan Habasha. "Hurry Up Tomorrow" ya fito ranar 31 ga Janairun 2025, bayan an ɗaga shi da mako guda saboda gobarar Los Angeles. Ya gina shi a kan daren da muryarsa ta ɗauke yana tsakiyar wasa a 2022, kuma ya nuna cewa da wannan kundin zai ajiye sunan The Weeknd. Har Giorgio Moroder ya gayyato, dattijon da ya haɗa "I Feel Love" ta Donna Summer a 1977, wato kakan wannan sautin gaba ɗaya. Matsalata da shi tsawo. Waƙa 22, kusan awa ɗaya da rabi. Kuɗi sun yi magana a kowane sauti, babu ƙura ko ɗaya, amma zuwa waƙa ta goma sha biyar na gaji da jin attajiri yana kukan shahara ta dame shi. Da an rage takwas da ya fi. Wannan ne na kira gwanjo mai tsada, rigar 1985 ce, an yi mata guga mai kyau, an sa mata farashin kanti.

In kana neman sabon ɗinki, je ka saurari "Imaginal Disk" na Magdalena Bay, Agustan 2024. Mutum biyu ne, Mica Tenenbaum da Matthew Lewin, tun suna sakandare a Miami suka haɗu, kuma su suke rubutawa su haɗa kiɗansu da kansu. Sunan daga ilimin halittu suka ɗauko shi, wasu ƙwayoyin halitta ne a jikin tsutsa waɗanda daga baya suke zama fiffike da ƙafa idan ta rikiɗa. Labarin kundin na wata ce da aka cusa wa faifan CD a goshi don a mayar da ita ingantacciyar kanta. Duk wanda ya taɓa ɗaukar hoto sau ashirin kafin ya ɗora ɗaya a Instagram ya san wannan labarin. Waƙoƙinsu ba sa tafiya inda ka zata. "Image" tana farawa lafiya lau, kafin ta ƙare sautin ya dagule kamar rediyon da batir ya fara mutuwa, kuma da gangan suka yi. Ba kowa zai so shi a saurare na farko ba. Ka ba shi uku.

Yanzu maganar da na ce ku riƙe. A 1982 reshen tsakiyar Landan na ƙungiyar makaɗan Birtaniya ya amince da ƙudurin neman a hana amfani da sintesaiza, saboda wani mawaƙin Amurka, Barry Manilow, ya zo yawon wasa da na'urori a madadin makaɗan goge. Hujjarsu ita ce na'ura ɗaya za ta cinye abincin mutum ashirin. Ƙudurin bai zama dokar ƙungiyar ta ƙasa ba, kuma tarihi ya yi musu dariya. Mu ma a nan mun ji irin wannan ƙorafin lokacin da fiyanon Yamaha ya mamaye waƙoƙin fina-finan Hausa, aka yi ta cewa ya kashe kalangu da kukuma. Kuma maganar gaskiya, ba ƙarya suka yi gaba ɗaya ba, wasu makaɗan sun rasa aiki.

Sai ga shi a Fabrairun 2025 mawaƙan Birtaniya sama da 1,000 sun fitar da kundi mai suna "Is This What We Want?", babu waƙa ko ɗaya a ciki, sautin situdiyo ne babu kowa. Sun yi hakan ne don adawa da shirin da gwamnati ke yi a lokacin na sassauta dokar haƙƙin mallaka yadda kamfanonin ƙirƙirarriyar basira za su horar da manhajojinsu da waƙoƙin mutane, sai dai in mai waƙar ne ya fito ya ce bai yarda ba. Cikin waɗanda suka sa hannu akwai Kate Bush da Annie Lennox ta Eurythmics, mai "Sweet Dreams" ta 1983. Wato 'yan na'urar jiya su ne masu zanga-zangar yau.

Wani zai ce ai alhaki ne, abin da suka yi wa masu goge shi ake yi musu. Ni ban yarda ba. Sintesaiza ba ta taɓa rubuta waƙa ba. Sai yaron Basildon ya zauna ya danna, ya yi kuskure, ya gyara, kuma shi ake biya. Na'urar ta buɗe wa wanda ba shi da gata ƙofa ne. Manhajar yau kuwa da gumin mawaƙan aka ciyar da ita ba tare da an tambaye su ba, kuma kuɗin yana tafiya wurin mai kamfani. A tsakiyar 2025 wata ƙungiya mai suna The Velvet Sundown ta tara masu saurare sama da miliyan ɗaya a wata a Spotify kafin a tabbatar cewa da manhaja aka ƙirƙiri waƙoƙin da hotunan mawaƙan. Ita kuma Spotify ɗin tun 2024 ta daina biyan ko kwabo a kan waƙar da ba ta kai saurare 1,000 a shekara ba. Wa wannan ya fi shafa? Ba The Weeknd ba. Yarinyar da ke haɗa kiɗa a ɗakinta ce, ko a Manchester take ko a Kaduna.

Kuma kada ku ɗauka wannan kiɗan ba mu da gado a cikinsa. A 1978, shekara guda kafin Gary Numan ya hau saman jerin waƙoƙin Birtaniya, Mamman Sani ya naɗi kaset a Yamai da wani fiyanon lantarki ƙirar Italiya mai suna Orla. Shekara da shekaru rediyo da talabijin na Nijar suna sa kiɗansa tsakanin shirye-shirye, mutane sun haddace sautin ba su san mai shi ba. Sai a 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da shi da sunan "La Musique Électronique du Niger", sannan duniya ta waiwayo, yana da shekara sittin da wani abu. A shekarar ce kuma aka sake fitar da waƙoƙin William Onyeabor na Enugu. Shekara talatin da biyar Mamman Sani ya jira. 'Yan'uwanmu na Nijar da ke bibiyar shirin nan, ku tambayi iyayenku, ina da yaƙinin za su gane kiɗan tun daga daƙiƙa biyar na farko.

Aikin gida na wannan makon, ku saurari kaset ɗin Mamman Sani, sannan ku bi shi da "Imaginal Disk", ku faɗa mini a ƙasa wanne ya fi kama ku. Masoyan The Weeknd kuma na san kuna nan tafe, bismillah, amma ku zo da hujja, ku gaya mini waƙoƙi takwas ɗin da kuke ganin ba za a iya cirewa ba. Mako mai zuwa za mu zauna a kan yadda ake rabon kuɗin saurare, nawa ke isa hannun mawaƙi, nawa ke maƙalewa a hanya. Sai mun haɗu, a huta lafiya.