Arlit: garin da ba shi da kaka, amma yana da murya

Dattawanmu, iyayenmu mata, ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati, ina gaishe ku da sunan Allah, ina kuma gode muku da kuka bar shagunanku da ofisoshinku domin ku saurari wannan magana.

Akwai wani zance da ake yawan maimaitawa a Yamai da Maraɗi da Damagaram, cewa wai Arlit ba ta da al'ada, sansanin ma'aikata ce kawai da kamfani ya kafa a tsakiyar hamada. Masu wannan zance suna da hujjarsu. A 1968 aka kafa kamfanin SOMAIR, a 1969 aka aza harsashin garin, a 1971 aka soma fitar da yuraniyom. COMINAK ya biyo baya a 1974, shi ne ya haifi Akokan. Babu fadar sarki mai shekara ɗari biyar kamar ta Agadas, babu ganuwa, babu kushewar kakanni. Duk wanda ya haura shekara sittin a cikinku, a wani wuri aka yanke masa cibiya. To amma ina so mu tambayi kanmu: ita al'adar da muke kira ta asali, daga ina ta fito?

Mu ɗauki rawanin Ba'abzine, wanda duniya ta san shi da shi. Turkuɗin da ake naɗawa ranar biki, mai barin shuɗi a fuska, a ƙasar Kano ake rina shi, musamman a garin Kura, ayari ya kawo shi arewa tare da gero, ya koma da gishirin Bilma da dabino. Kalmar raƙumi da kowane Bahaushe yake faɗa, masana harshe sun ce daga harsunan Abzinawa da danginsu ta shigo. Abin da Bahaushe ke kira takobi, Ba'abzine yana kiran sa takoba. Gobirawa kuwa har gobe suna ba da labarin cewa daga Abzin kakanninsu suka gangara kudu. Ita kanta Agadas, lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya shige ta a 1850, ya tarar ana magana da wani reshe na harshen Songai. Yau Hausa ce harshen kasuwarta. Ashe abin da Arlit ta yi cikin shekara hamsin, Agadas ta yi shi cikin ƙarnoni: baƙi sun taru, harsuna sun gauraya, sannan aka sami abin da jikoki ke kira namu.

Bambancin kawai shi ne sauri. Hanyar kwalta da aka shimfiɗa daga Tawa a ƙarshen shekarun 1970 ta kwaso Bahaushe da Bazabarme da Babarbare da Bafillace da Tubu, ta haɗa su da mutanen Binin da Togo da Gana, ga kuma Faransawa a gidajen kamfani. Fari na 1973 da na 1984 ya tura makiyayan da dabbobinsu suka ƙare zuwa bukkokin bakin gari. A tsakar gida ɗaya sai ka ji tande, wato turmin da matan Abzinawa ke ɗaure wa fata su kaɗa, daga maƙwabta kuma kaset ɗin Mamman Shata ko na Ɗan Maraya Jos yana tashi. Yaron da ya girma a nan bai zaɓi ɗaya ya bar ɗaya ba. Duka kunnensa ya sha.

Kiɗan gita shi ne babban misali. Samarin da fari da rashin aiki suka kora Aljeriya da Libiya an laƙaba musu suna ishumar, kalmar da aka aro daga Faransanci mai nufin marar aiki. Gitar Turawa suka ɗauka, suka ɗora mata amon tande da salon waƙar iyayensu. A ƙasarmu, marigayi Abdallah Oumbadougou ne jagoran wannan tafarki. A lokacin tawayen da ya biyo bayan abin da ya faru a Cintabaraden a 1990, kaset-kaset ɗinsa a ɓoye suke yawo daga hannu zuwa hannu. Bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilu 1995, wannan kiɗa ya fito fili, ya shiga bukukuwan aure na kowace ƙabila, shi kuma Abdallah ya buɗe makarantar koyon kiɗa a nan Arlit. Ya rasu a 2020, amma yaran da ya koya wa riƙe gita suna nan.

Ga wani misali da zai yi wa ƴan kasuwa daɗi. Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, wanda yau ake cika dandali a Amurka da Turai domin a saurare shi, a Sakkwato ya naɗi faifansa na farko a 2008, da na'urar gyaran murya irin ta waƙoƙin finafinan Hausa. Waƙoƙin ba su bi ta gidan rediyo ba. Ta wayoyin hannu suka bazu, daga direba zuwa fasinja, har suka ƙetare hamada. Harshen Tamajak, kayan aikin Hausawan Najeriya, gitar Bature: wa zai ce wannan waƙa ta ƙabila ɗaya ce? Haka Bombino, ɗan ƙasar Agadas, wanda faifansa Deran na 2018 ya sa shi zama ɗan Nijar na farko da aka sa cikin takarar lambar Grammy.

A fagen rubutu ma haka abin yake. Mano Dayak da Faransanci ya kai kuken mutanensa gaban duniya a littafinsa na 1992. Hawad, mawaƙin Abzin, da haruffan Tifinag yake rubutu, ya ƙara musu wasulla, sannan a fassara zuwa Faransanci. Labarin garin nan kuwa, fim biyu suka fi fitar da shi. Na farko, mai kiran Arlit Faris ta biyu, Idrissou Mora-Kpai ɗan ƙasar Binin ne ya yi shi a 2005. Na biyu, na 2016, aikin Amina Weira ne, ɗiyar tsohon ma'aikacin haƙar ma'adinai, wadda ta sa iyayenmu suka yi magana a kan ƙura da ciwo da tsoffin ƙarafunan kamfani da suka shiga gidaje. Baƙo ya duba mu daga waje, ɗiyar gida ta duba mu daga ciki, kuma muna bukatar idanun biyu.

Me ya sa nake wannan magana yanzu? Saboda dalili biyu. Na farko, duk lokacin da siyasa ta yi zafi, sai a sami masu raba mu da sunan al'ada, su ce wannan ɗan ƙasa ne, wancan ɗan ci-rani ne. Mun ga abin da irin wannan harshe ya jawo a shekarun 1990, muka sake gani daga 2007 zuwa 2009. Na biyu, rami yana ƙarewa. COMINAK ya rufe ranar 31 ga Maris 2021, iyalai da dama suka ɗaure kayansu suka koma kudu, kowa da kaset ɗinsa da hotunansa da labarinsa. A 2025 gwamnati ta mayar da SOMAIR mallakar ƙasa. To amma ko a hannun wa kamfani yake, ma'adini ba ya haihuwa. Ranar da motar ƙarshe ta tashi, abin da zai nuna cewa mutane sun rayu a nan shi ne abin da aka rera, aka rubuta, aka ƙera.

Don haka ina da roƙo uku. Ku ma'aikata, dokar ma'adinai ta 2006 ta ware wa ƙananan hukumomin yankin da ake haƙa kashi 15 cikin ɗari na kuɗin shiga. A nemi haƙƙin nan, a cire wani abu a buɗe ɗakin ajiya, a naɗi muryoyin tsoffin ma'aikata da matansu da Hausa da Tamajak da Zabarmanci tun suna raye. Ku malaman makaranta, ku sa yara su rubuto tarihin unguwanninsu daga bakin kakanninsu. Ku ƴan kasuwa, ku ne magadan madugai, kuma madugu bai taɓa tafiya ba tare da ya san darajar maroƙi da maƙeri ba; ku biya makaɗi haƙƙinsa, ku sayi aikin maƙerin azurfa da majemi da farashin da zai sa ɗansa ya yarda ya gaje shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya ba mu zaman lafiya, ya sa mu gama da iyayenmu lafiya.