Yaushe Za Mu Koma Kwatarkwashi?

A Amurka, Oktoba na kamawa ƙungiyoyin masu motoci ke jerawa cikin duwatsu, kallon ganye kawai ya koma ja. Mu ma fa muna da namu. Da kaka, ni da abokaina mukan tashi daga Gusau, mu tsaya gindin Dutsen Kwatarkwashi a ƙaramar hukumar Bungudu, dawa ta nuna ko'ina, sannan mu ƙarasa Tsafe. Bana ina kawo maganar, Inna ta ce, "Kada ka soma!" Tsoron 'yan bindiga ya raba mu da hanyarmu. Duk mai neman ƙuri'arku, ku tambaye shi: yaushe za mu bi hanyar nan hankali kwance?