Jawabi a Bikin Yaye Ɗalibai, Kelle



Mai martaba sarkinmu, Allah ya ja zamaninka. Shugaban makaranta, malamai ƴan uwana, iyayenmu maza da mata, da ku ƴaƴanmu da muka taru dominku, barkanku da wannan rana.

An ba ni damar in yi muku nasiha, ni kuwa na ga gara in ba ku labarin mutum guda, Farfesa André Salifou, wanda jami'ar Damagaram ke ɗauke da sunansa yau.

A Damagaram aka haife shi a 1942. Karatu ya kai shi har Tulus a Faransa. Da aka zo zaɓen abin da zai yi bincike a kai, bai ɗauki sarakunan Turai ba, gida ya waiwayo. A 1971 ya fitar da littafinsa kan daular Damagaram a ƙarni na 19. Takardun Nasara kaɗai ba za su isa wannan aiki ba. Sai da aka zauna gaban dattawa, aka ji daga bakin wannan, aka gwada da na wancan, kafin zamanin Sarki Tanimun, mai ganuwar Birni da igwa, ya zauna a takarda. Wannan haƙurin nake so ku gani, domin shi ne jarin masanin tarihi.

A 1973 ya rubuta tarihin tawayen Kawsan, wanda ya yi wa Nasara ƙawanya a Agadas daga 1916 zuwa 1917. Ya koyar a Jami'ar Yamai, ya wallafa tarihin Nijar a 1989. Da ƙasa ta shiga ruɗani a 1991, malamin tarihin nan aka ɗora a kujerar shugabancin Babban Taron Ƙasa. Ba mamaki. Wanda ya saba sauraren bakuna masu saɓani ya san yadda ake raba gardama. Ya rasu a 2022.

Yankinmu ma bai rasa mai kula ba. Farfesa Maikorema Zakari ya rubuta tarihin Mangari a 1985. Amma littafi ɗaya ba ya ɗauke tarihin ƙasa. Wa ya haƙa tsofaffin rijiyoyin Kutus? Ta wace hanya ayarin gishiri ke bi ta nan? Yaya kakanninmu suka zauna da Muniyo, da Barno, da Damagaram? Amsoshin suna bakin tsofaffin da ke zaune cikin rumfar nan, kuma kowace shekara muna raka wasu makwanci.

Iyaye, ku bar yaran nan su ci gaba, mata da maza. Ku kuma ƴaƴana, kafin ku tafi Gure ko Damagaram neman ƙarin ilimi, kowa ya sayi littafin rubutu guda, ya zauna gaban kakarsa cikin hutun nan, ya rubuta abin da ya ji da sunan wanda ya faɗa da ranar. Ku kawo mini, zan karanta.

Allah ya yi muku albarka.