Jawabi a kan kasa, kumurci da kububuwa

Jawabin yau a kan macizai ne. Damina da kaka su ne lokacin da manomi ya fi gamuwa da su, wajen noma, wajen yankan hatsi, ko wajen ɗaukar damma. Masu bincike sun daɗe suna bin waɗannan dabbobi, kuma ga abin da sunka gano a shekarun nan.

Mu fara da kasa. Kowa ya san kasa ba ta gudu. Sai ta kwanta wuri guda kwana da kwanaki tana jiran abinci. To, mi ya sa kare ko dila ba su gano ta? A shekara ta 2015 malaman wata jami'a ta birnin Johannesburg, a Afirka ta Kudu, sunka gwada. Sunka horar da karnuka su gane warin macizai. Karnukan sun gane warin wasu macizai, sun ma gane warin saɓar kasa. Amma ita kasar kanta, sun kasa jin warinta. Ashe ɓoyonta biyu ne, ta ɓuya ga ido, ta ɓuya ga hanci.

Malaman wannan jami'a kuma sun ɗauki hoton kasa cikin daji. Sun ga in kwaɗo ya matso, sai ta fiddo harshe ta bar shi waje tana motsa shi kamar tsutsa. Kwaɗo ya zo ci, ta cinye shi. Tana kuma cin ɓeraye, masu ɓarnar rumbu. Wannan kam aiki ne take yi ma manomi ba lada.

Sai kumurci mai tofi. A 2021 masu bincike na birnin Liverpool, a Ingila, da abokan aikinsu sunka nuna cewa dafin macizai masu tofi ya fi na ƴan uwansu zafi. Tofin nan ba na farauta ba ne, na kare kai ne, shi ya sa yake auna ido, har daga nisan metir 2. Wanda kumurci ya tofa ma ido, ya wanke shi nan take da ruwa mai yawa. Kar ya murza. Daga nan a tafi likita.

Kububuwa ita ce ƙarama, amma a ƙasashenmu na Afirka ta Yamma ta fi kowane maciji kisa. Dafinta yana hana jini daskarewa. Mutum sai ya ga kamar ya ji sauƙi, bayan kwana ɗaya ko biyu jini ya fara fita ta dasashi ko ta wani tsohon rauni. Nan ne mutane ke ruɗuwa, su ce sammu ne. A likita ana sa jinin mutum cikin ƴar kwalba mai tsabta, a jira minti 20. In bai daskare ba, an san dafi ya shiga, sai a yi allurar maganin dafi. A 2020 malaman Liverpool sun gwada wasu magunguna ga ɓeraye, sun ga suna rage ƙarfin dafin irin su kububuwa. Gwaji ne ga ɓeraye. Maganin da likita ya dogara da shi, allura ce.

Baƙin dutsen nan da ake liƙawa a wurin sara, an gwada shi, ba ya tsotse dafi. Tsaga ba ta fidda shi. Ɗaure ƙafa tamau da igiya kuwa yana iya ruɓar da ita. Wanda maciji ya sara, a cire mishi zobe da warwaro, a hana shi tafiya da ƙafa, a ɗora shi bisa amalanke ko babur zuwa likita, ko da dare ne.

Ƙungiyar lafiya ta duniya, OMS, ta ce saran maciji yana kashe mutum dubu 81 zuwa dubu 138 kowace shekara. A 2019 ta ɗauki niyyar rage rabin wannan asara kafin 2030.