Kyankyaso Da Ɓera Na Tayar Da Ciwon Fuka, In Ji Wani Ɗan'uwa Likita

Bayan yabo ga Allah (T) da salati ga Manzonsa (S), likitan ya soma jawabinsa ga 'yan'uwa mata da cewa yaron da ke farkawa cikin dare yana tari, ƙirjinsa na fito, sau da yawa ba iska ba ce, ba kuma sammu ba. Ciwon fuka ne, wato asma, kuma abin da ke tayar masa da shi na iya kasancewa cikin ɗakin da yake kwana.

Ya yi bayanin cewa kashin kyankyaso da miyansa da ɓawon da yake saɓewa, haka nan fitsarin ɓera, suna bushewa su gauraya da ƙurar ɗaki. Idan mai fuka ya shaƙa, sai hanyoyin numfashinsa su kumbura, su tsuke, majina ta taru. Akwai kuma wasu ƙwari da ido ba ya gani, masu zama a katifa da matashi, waɗanda ke yawaita da damina saboda laima.

Ya kawo wani bincike da aka buga a Amurka a 1997, kan yara 476 masu fuka a unguwannin talakawa. An gano cewa waɗanda jininsu bai haɗu da kyankyaso ba, alhali dattinsa ya yi yawa a ɗakin kwanansu, ana kwantar da su a asibiti fiye da sauran har ninki uku. A cewarsa, ko a ƙasar da ke taƙama da arziki, raunana ne ke ɗanɗana kuɗarsu.

Daga nan sai ya ja kunne game da fiya-fiya da maganin sauro na hayaƙi, domin su ma suna tayar da ciwon. Kuma kashe kyankyaso kaɗai bai wadatar ba, don mushensa ma yana cutarwa. Mafita ita ce a rufe abinci, kada kwanuka su kwana ba a wanke ba, a toshe ramuka da siminti, a goge ƙura da jiƙaƙƙen tsumma, a shanya katifa a rana, a kuma fitar da yaron kafin shara.

A ƙarshe ya tunatar cewa 'ya'ya amana ce da za a tambaye mu. Ya ce a ajiye maganin shaƙa kusa, kuma duk yaron da numfashi ya hana shi magana a garzaya da shi asibiti, ba a jiran gari ya waye. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.