Baƙunta da Faɗuwar Gaba: Jawabi ga 'Yan Kasuwa da Iyalan Ladji da Zangon Kwatano



Da wuya a shiga gidan Bahaushe a nan Ladji ko a Zango ba a tarar da baƙo ba. Wani yaro ne aka aiko daga Maraɗi ko Sakkwato ya koyi kasuwa a hannun kawunsa. Wata amarya ce da ta ƙetare kogi daga Gaya zuwa Malanville, ta wuni a mota ta Parakou, ta wayi gari cikin ɗakin da ba ta san kowa a maƙwabtansa ba. Kalmar zango kanta masaukin matafiya take nufi, tun zamanin da fatake ke ratsa Nikki da Djougou zuwa Salaga neman goro. Saukar baƙo mun gada. Abin da ba mu cika tambaya ba shi ne halin da zuciyar baƙon take ciki.

Ku tuna ranarku ta farko a kasuwar Dantokpa. Taron jama'a kamar ranar idi, 'yan zem masu rigar ruwan ɗorawa suna kutsawa, wannan na magana da Fon, wancan da Yarabanci, wani da Faransanci. Wanda ya saba da naira sai ya ji ana cewa dala ashirin alhali sefa ɗari ake nufi. Mai saye ya tsaya gabansa ya tambayi farashi, sai gabansa ya faɗi, baki ya bushe, tafin hannu ya jiƙe da gumi, ɗan Faransancin da ya haddace jiya ya ɓace. Wannan aikin jiki ne da likitoci suka san dalilinsa. Idan ƙwaƙwalwa ta ga abin da ba ta saba da shi ba, takan ɗauke shi kamar hatsari, sai jiki ya saki wani sinadari da ake kira adarinalin, zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya gajarta, domin mutum ya shirya gudu ko kare kai. Jarumi ma yana jin haka. Kuma yakan lafa da kansa in mutum ya daure bai bar wurin ba.

A nan ne ake samun matsala. Wanda ya ji wannan faɗuwar gaba ya gudu, nan take zai ji sauƙi, sai ƙwaƙwalwarsa ta riƙe cewa gudun ne ya cece shi. Gobe tsoron ya fi na yau. Yaron shago ya koma can ciki yana jera kaya, ya bar wa wani ciniki. Amarya ta daina fita ko ɗiban ruwa, mu kuwa muna yabonta da kunya. Kunya ado ce, ba na jayayya. Amma mai kunya tana gaida mutane ta sunkuyar da kai. Wadda tsoro ya kama tana jin sallama sai jikinta ya ɗauki rawa. Idan har ta kai ga mai ciki ta ƙi zuwa awo, ko uwa ta bar ɗanta ba rigakafi don tana gudun a yi mata magana da Faransanci a gaban mutane ta kasa amsawa, to abin ya taɓa lafiyar gida duka.

Maganin yana cikin yin kaɗan-kaɗan, kuma kullum. A fara da gaisuwa. Bafone yana cewa "a fon ganji a", wato ka tashi lafiya. "Awanu" kuma godiya ce. Baƙo ya gaida mai tebur na kusa da shi da waɗannan har mako guda. Za a yi dariyar lafazinsa, ba shakka, amma dariyar mai jin daɗi ce, kuma sau da yawa ita ke buɗe hira. Mako na biyu ya je sayen burodi ko kifi shi kaɗai. Bayan haka ya hau zem zuwa Missèbo ya dawo. Wanda bai gane magana ba ya ce a maimaita; matambayi ba ya ɓata. In gaba ya faɗi a tsakiyar ciniki, a ja numfashi ta hanci a hankali, a fitar da shi ta baki a tsawaita fitarwar fiye da shaƙar, sau biyar ko shida. Sannan a mai da hankali kan mai maganar, me yake so, nawa ya taya, a daina auna yadda ake ganinka. Mutanen kasuwa kowa da lissafin da ke kansa, ba su da lokacin ƙirga kurakuranka.

Masu gida, ku ma da naku. Wanda aka yi wa tsawa a gaban masu saye don ya rikice a canji, gobe hannunsa zai fi rawa. Ku gabatar da shi ga maƙwabta da sunansa, ku tsaya kusa da shi a cinikin farko, na biyu ku ja baya. Iyaye mata, ku raka amarya asibiti ranar farko, ku bar ta ta faɗi sunanta da bakinta, ku taimaka da fassara kawai inda ta maƙale.

Akwai gargaɗi guda da ba zan sassauta ba. Wasu samari suna shan tramol don su ji ƙarfin zuciya a cikin jama'a. Maganin ciwo ne mai ƙarfi da ke kama mutum ya kasa rabuwa da shi, yana iya jefa shi cikin farfaɗiya, kuma ranar da babu shi fargabar takan ninka. Yawan goro da kofi da shayi mai kauri su ma suna ƙara bugun zuciya. Wanda gabansa ke faɗuwa ya rage su.

Galibin baƙi sukan saba cikin makonni. Amma idan watanni suka wuce tsoron bai ragu ba, barci ya ƙaurace, abinci ba ya shiga, mutum ya daina fita aiki, to a je asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 301 ne ke fama da ciwon fargaba, kuma ciwo ne da ke da magani. Wani lokaci ma ƙarancin jini ko ciwon maƙoƙo ne ke sa zuciya bugawa, gwaji ne zai nuna. Ciwon ƙirji, suma, ko tunanin halaka kai kuwa ba sa jiran gobe. A fara da asibitin unguwa. In akwai bukata za su tura ku babban asibitin CNHU ko asibitin ƙwaƙwalwa na Jacquot. Ku tafi da wanda kuka amince da shi mai jin Faransanci, ku kuma riƙe kwalin duk maganin da kuke sha ku nuna wa likita.

Allah Ya ba mu lafiya, Ya sa albarka a kasuwa.